Yadda Ake Zaɓen Kayan Haɗa Kwamfutar Tebur da Kanka

Ɗaura kwamfutar tebur ba shi ne wahalar ba. Duk wanda ya iya riƙe sukurudireba, kuma yana da haƙurin karanta ɗan littafin da ke zuwa cikin kwali, zai gama ɗaurin a rabin yini. Wajen zaɓe ne mutane ke faɗuwa. Sai ka ga mutum ya sayo kaya takwas, kowanne mai kyau ne idan aka ɗauke shi shi kaɗai, amma da aka zo haɗawa wannan ya ƙi shiga wancan, ko kuma sun shiga amma an zuba kuɗi inda aikin bai bukata ba, an bar inda yake bukata da yunwa.

Kayan dai su ne furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi), madabod (uwar allon da ake jona komai a kai), RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi), ma'ajiyar bayanai, katin hoto, akwatin wuta, na'urar sanyaya, sai kes ɗin da za a zuba su ciki. Akwai jerin da ya kamata a bi wajen zaɓarsu, domin kowanne da ka tsayar yana rufe wasu ƙofofi ga na bayansa. Ka nemi takarda da biro tun yanzu. Kada ka biya kuɗin ko noti ɗaya sai takardar nan ta cika.

Fara da aikin, ba da kayan ba

A saman takardar rubuta abin da kwamfutar za ta riƙa yi a yawancin ranaku, da sunayen manhajojin da za ka buɗe. Ka rubuta gaskiya. Da yawa daga cikinmu za mu ce editin bidiyo za mu yi, alhali abin da muke yi kullum shi ne rubutu, lissafi a Excel, da buɗe shafukan intanet ashirin a lokaci guda. Wannan aikin ba ya bukatar katin hoto ko kaɗan. Mai wasan gem kuwa, katin hoto ne zai cinye kaso mafi tsoka na kuɗinsa. Mai editin bidiyo, ko mai zanen gine-gine, ko mai rubuta manhaja, shi furosesa mai ƙwayoyi da yawa, wato ma'aikatan da ke cikinta, da RAM mai yalwa ne gaba gare shi.

Kowace babbar manhaja da kowane gem suna da jerin ƙarfin da suke bukata a shafin kamfaninsu, kashi biyu: mafi ƙaranci, da wanda aka ba da shawara. Na biyun za ka duba. Na farkon yana nufin manhajar za ta buɗe, bai ce za ka ji daɗinta ba.

A ƙarƙashin wannan rubuta adadin kuɗin da ka ware, sannan ka cire na sikirin, kibod, maus da lasisin Windows idan ba ka da su. Abin da ya rage shi ne kuɗin kayan nan takwas. Mutane na yawan mance wannan, sai a gama haɗa na'ura mai ƙarfi a jona ta da tsohon sikirin da ba zai iya nuna rabin abin da take iyawa ba.

Sikirin da katin hoto, idan aikinka na bukata

Na sa wannan gaba da furosesa da gangan. Ga mai gem, sikirin ne ke faɗa maka katin da za ka saya, katin kuma ya faɗa maka girman akwatin wuta da tsawon kes.

Sikirin na 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Na 1440p yana da kusan miliyan 3.7. Na 4K yana da sama da miliyan 8, ninki huɗu na 1080p cif. Kowane ɗigo katin ne zai zana shi, sau 60 a daƙiƙa idan sikirin ɗin na 60Hz ne, sau 144 idan kana son cin moriyar na 144Hz. To ka ga katin da ke shawagi a 1080p zai iya yin nishi a 4K.

Kamfanoni uku ke ƙera zuciyar waɗannan katunan: Nvidia mai GeForce RTX, AMD mai Radeon RX, sai Intel da ta shigo da Arc a 2022. Kamfanoni irin su Asus, MSI, Gigabyte da Sapphire su ne ke ɗaukar zuciyar su yi mata fankoki da riga. Katuna biyu masu lamba ɗaya daga kamfanoni daban ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Bambancin yana wajen ƙara, zafi, tsawo da garanti. A lambar kati, farkonta zamani ne, ƙarshenta matsayi. RTX 4060 da RTX 4070 'yan zamani ɗaya ne, na biyun ya fi. Kada ka ɗauka duk sabon zamani ya fi tsoho: ƙaramin kati na bana zai iya kasa babban kati na bara waccan. Maganin wannan ruɗani shi ne ka nemi gwajin da masu bita suka yi wa katunan biyu a kan gem ɗin da kai kake bugawa.

Ka lura da ƙwaƙwalwar katin, wadda ake rubutawa VRAM. Giga 8 na isa ga 1080p a yawancin wasanni, amma sababbin manyan gem sun fara cika ta. Idan 1440p ka nufa, ni ba zan yi ƙasa da giga 12 ba. Idan kuma aikinka ya shafi Blender ko wasu manhajojin ƙirƙirarriyar basira, ka duba ko suna bukatar CUDA, fasahar da ke sa katin hoto yin lissafi mai nauyi, domin ta Nvidia ce kaɗai.

Da ka tsayar da kati, rubuta abu uku a takardarka: tsawonsa a milimita, wat nawa yake ci, da irin filogin wutar da yake bukata.

Furosesa

Nan zaɓi biyu ne, Intel ko AMD, kuma duk wanda ya rantse maka ɗaya ya fi ɗaya a kowane hali, ƙungiya yake goyon baya ba shawara yake ba ka ba. Dukkansu suna jera kayansu a matakai: 3, 5, 7, 9. Core i5 ko Core Ultra 5 a wajen Intel, Ryzen 5 a wajen AMD, su ne tsakiya, kuma a nan ne mafi yawan mutane ya kamata su tsaya. Furosesa mai ƙwayoyi shida irin Ryzen 5 7600 ko Core i5-12400 tana ɗaukar aikin ofis, karatu, gem da editin matsakaici ba tare da ta yi gumi ba. Mataki na 9 na wanda kowane minti na jiran bidiyo ya kammala asara ce gare shi.

Ƙwayoyi su ne ma'aikatan da ke cikin furosesa, kowanne na iya riƙe aiki nasa. Yawansu na taimakon aikin da ke rabuwa, kamar fitar da bidiyo. Gem kuwa ya fi son 'yan ƙwayoyi masu sauri. Tun daga zamani na 12 a 2021, Intel ke gauraya manya da ƙanana: Core i5-13600K yana da 14, amma 6 ne manya, 8 ƙanana. Don haka kada ka kwatanta adadin ƙwayoyin Intel da na AMD kai tsaye. Haka ma lambar GHz, ma'aunin gudun furosesa, ba ta da ma'ana sai tsakanin furosesa 'yan zamani ɗaya.

Haruffan da ke wutsiyar sunan suna da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A Intel, F na nufin babu sashen nuna hoto a ciki. Idan ka saye ta ba ka da katin hoto, sikirin zai zauna baƙi ƙirin. K na nufin ana iya ƙara mata gudu fiye da na kamfani, ba ta kuma zuwa da fanka. A AMD, zamanin Ryzen 5000 da waɗanda suka gabace shi ba su da sashen hoto sai masu harafin G. Daga Ryzen 7000 ne aka fara sa ɗan ƙarami a kusan dukkansu, ban da masu F. Masu X3D kuma an ɗora musu ƙarin ma'ajiyar kusa, abin da ya sa masu gem ke rububinsu tun fitowar 5800X3D a 2022.

Idan ba za ka sayi katin hoto ba, tabbatar furosesarka na da sashen hoto. Ko da za ka saya ma, ni ina son mai shi, saboda ranar da kati ya ba da matsala kana da hanyar gane laifin nasa ne ko na wani.

Ingarma da jaki ba sa jan karkiya ɗaya. Kada ka haɗa kati mafi tsada da furosesa mafi rauni, ko akasin haka, domin mai saurin zai riƙa jiran mai nawar ne kawai.

Madabod, inda aka fi yin kuskure

Madabod shi ne uwar allon da kowa ke zama a kai. Ba ya ƙara wa kwamfuta gudu, shi ya sa bai kamata ka kashe masa fiye da kima ba, amma shi ne ke yanke hukuncin wa zai shiga wa ba zai shiga ba. Abu huɗu za ka daidaita, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko soket, wato gurbin da furosesa ke zama. Ko ya dace ko bai dace ba, babu tsaka-tsaki. AM4 na AMD ya fito a 2016, ya ɗauki Ryzen tun daga 1000 har 5000. AM5 ya zo a 2022, shi ke ɗaukar Ryzen 7000, 8000 da 9000, kuma AMD ta ce za ta ci gaba da shi har 2027 ko fiye. A Intel, LGA1700 na zamani na 12, 13 da 14 ne, LGA1851 kuma na Core Ultra 200S da suka fito a 2024. Wannan yana da tasiri ga gobe: wanda ya hau AM5 yana da damar sauya furosesa kaɗai bayan shekaru, wanda ya hau AM4 ko LGA1700 ya hau titin da ya kusa ƙarewa, ko da yake yana samun sauƙin farashi. Duka biyun zaɓi ne na hankali, in dai ka san abin da ka zaɓa.

Na biyu cifset, sashen allon da ke kula da gurabe da hanyoyinsa, wanda ake gane shi ta harafi da lambar da ke cikin sunan allon. Masu B, kamar B550, B650, B850 na AMD da B760, B860 na Intel, su ne daidai da yawancin mutane. Masu A da H610 an rage musu abubuwa don araha. Masu X da Z suna da ƙarin gurabe da hanyoyi. A Intel, sai ka haɗa allon Z da furosesa mai K za ka iya ƙara gudu. A AMD allon B ma yana bari.

A nan akwai tarko. Soket zai iya dacewa amma allon bai san furosesar ba, saboda an ƙera shi kafin a haife ta. Allon B650 da ya daɗe a kwali zai iya ƙin tashi da Ryzen 9000, haka allon B660 da Intel zamani na 14, har sai an sabunta BIOS ɗinsa, wato 'yar manhajar da ke cikin allon wadda ke tayar da kwamfuta. Ka shiga shafin allon, ka buɗe jerin furosesan da yake ɗauka, ka ga daga wane BIOS aka fara karɓar taka. Sannan ka fifita allon da ke da maɓallin sabunta BIOS ta filash ba tare da furosesa ba. Asus na kiransa BIOS Flashback, Gigabyte na kiransa Q-Flash Plus. Idan babu shi, sai ka nemi aron tsohuwar furosesa kafin ka iya kunna sabuwar kwamfutarka, abin haushi.

Na uku girma. ATX milimita 305 ne da 244, microATX 244 da 244, Mini-ITX 170 da 170. Ga mai haɗin farko, microATX ko ATX. Mini-ITX abin sha'awa ne, amma kayansa sun fi tsada, wurin hannu kuma babu.

Na huɗu ramuka. Juya hoton allon ka ƙirga USB na baya, ka ga ko sun ishe ka. Duba ko yana da Wi-Fi da Bluetooth, don alluna da yawa ba su da su, sai waya. Duba gurabe nawa na M.2, inda ake sa ma'ajiyar bayanai, gare shi. Idan kes ɗinka na da USB-C a gaba, sai allon na da wurin jona shi, in ba haka ba ramin ado ne kawai.

RAM

DDR4 da DDR5 duk haƙora 288 gare su, amma tsagar da ke tsakiyarsu ba a wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. AM4 DDR4 ne kaɗai. AM5 da LGA1851 DDR5 ne kaɗai. LGA1700 ne mai rikitarwa, akwai alluna na DDR4 akwai na DDR5, sai ka karanta sunan allon da kyau.

Giga 16 ne ƙasan da zan ba kowa shawara a yau. Giga 32 ga mai editin, mai manyan gem, ko mai son ya huta da zancen na wasu shekaru. Fiye da haka sai wanda aikinsa ya nuna masa da kansa cewa 32 ta cika.

Sayi sanda biyu a kwali ɗaya, ba sanda ɗaya babba ba. Biyu masu giga 8 sun fi ɗaya mai giga 16 sauri, domin furosesa na magana da su ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma bambancin ya fi fitowa ga mai amfani da sashen hoto na cikin furosesa. A allo mai gurabe huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa su. Kada ka yi shirin cika huɗun da DDR5 daga baya, sau da yawa gudun na sauka idan an yi haka. A AM5, DDR5-6000 mai CL30 ne aka fi samun daidaito da shi, 6000 gudunta ne, CL30 kuma ma'aunin jinkirinta. A DDR4, 3200 ko 3600. Ka sani kuma RAM ba ta tashi da gudun da aka rubuta a kwali sai ka shiga BIOS ka kunna XMP a Intel da AM4, ko EXPO a AM5. Akwai masu shekara uku da kwamfuta ba su taɓa kunna shi ba.

Ma'ajiya

Wannan mai sauƙi ne. Windows da manhajojinka su zauna a SSD, ma'ajiya mai sauri marar faifai, irin NVMe, wanda ke kwanciya a gurbin M.2 a jikin allo, babu waya. Girman da aka saba shi ne 2280, faɗi milimita 22 tsawo 80. SSD na SATA, wanda aka saba jonawa da waya, na tsayawa wajen megabait 550 a daƙiƙa, NVMe na PCIe 3.0 (lambar zamanin hanyar da yake bi zuwa allo) na kai 3,500, na 4.0 kusan 7,000, na 5.0 ya haura 10,000. Lambobin na da ban sha'awa, sai dai a aikin yau da kullum da wuya ka ji bambanci tsakanin 4.0 da 5.0, ga na 5.0 da zafi da tsada. Tera 1 na PCIe 4.0 ya wadatar. Idan ka ga Windows ta nuna giga 931 maimakon 1,000, ba a cuce ka ba, salon ƙirga ne ya bambanta.

Haddis mai faifai har yanzu yana da amfani ga mai tara bidiyo da hotuna masu yawa, a matsayin rumbu na biyu. A wasu allunan, sa SSD a wani gurbin M.2 na kashe ramin SATA ɗaya ko biyu. Littafin allon zai gaya maka.

Akwatin wuta: a nan kada ka yi rowa

Idan kuɗi ya gaza, rage fitilu masu launi, rage kes, rage cifset, sauko da furosesa mataki ɗaya. Akwatin wuta dai a bar shi. Shi ne ke karɓar wutar bango ya mayar da ita bolt 12, 5 da 3.3 da sauran kayan ke sha, kuma shi kaɗai ne idan ya mutu mummunar mutuwa zai iya tafiya da allo, kati da ma'ajiya gaba ɗaya. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, in ji masu magana, kuma ban san inda maganar ta fi zama daidai kamar nan ba.

Lissafin girmansa haka yake. Ɗauki abin da furosesa ke ci idan ta yi lodi, ba lambar TDP, wato wat ɗin da kamfani ya rubuta mata, kaɗai ba. Core i9-14900K, misali, an rubuta masa wat 125 amma yana kai 253. Ryzen 5 7600 an rubuta masa 65, yana kai wajen 88. Ƙara abin da katin hoto ke ci. Ƙara kamar 60 na allo, RAM, ma'ajiya da fankoki. A ce furosesa 90, kati 200, saura 60, ka samu 350. Sai ka bar sarari mai kyau a sama, domin katuna na fizgar wuta fiye da kima na ɗan ƙiftawar ido, kuma wata rana za ka so sauya kati. Wannan haɗin na son wat 550 zuwa 650. Kamfanin katin ma na rubuta girman da ya ba da shawara. Kada ka yi ƙasa da shi. Akwati mai wat 650 ba ya shan 650 kullum, abin da kwamfutar ta nema kaɗai yake ja.

Tambarin 80 Plus, mai matakan Bronze, Gold, Platinum da Titanium, yana auna yawan wutar da ba ta ɓacewa a zafi. Gold na ba da kusan kashi 90 cikin ɗari a rabin lodi, wato idan kwamfuta na bukatar wat 360 zai ja kamar 400 daga bango. Tambarin bai auna ingancin kayan ciki ba. Don wannan, duba tsawon garanti, masu kyau na ba da shekara 7 zuwa 10, ka kuma nemi bitar waɗanda suka gwada ainihin samfurin, domin kamfani ɗaya na iya fitar da mai kyau da maras kyau.

Sai filogi. Gurbin allo na ba kati wat 75, filogi mai rami 6 na ƙara 75, mai rami 8 na ƙara 150. Sababbin katuna da yawa na amfani da 12VHPWR ko gyararrensa 12V-2x6, mai iya ɗaukar har wat 600. Idan katinka irin wannan ne, nemi akwati mai ƙa'idar ATX 3.0 ko 3.1 da ke zuwa da wayar, kuma ka danna filogin har ya shige duka. Rashin yin haka na cikin dalilan narkewar filogin da aka yi ta ba da rahoto tun 2022. Idan kati na son filogi 8 guda biyu, ba shi waya biyu daban.

Gargaɗi biyu. Wayoyin akwati mai cirewa ba sa musanyuwa tsakanin samfura, ko da bakin ya shiga. Na taɓa yin ƙyuyar zare tsofaffin wayoyi lokacin da na sauya akwati, na jona sabon da su, haddis biyu suka tafi a daƙiƙa ɗaya da hotunan shekaru. Na biyu, kada ka taɓa kwance murfin akwatin wuta, yana riƙe caji mai haɗari ko an zare shi daga bango. Idan kuma wutar inda kake na yawan ɗaukewa ko hawa da sauka, sa UPS, na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, cikin lissafinka tun farko.

Sanyaya da kes, a zaɓe su tare

Furosesa masu wat 65 da yawa na zuwa da fankarsu a kwali, tana aiki, sai dai ƙara. Na'urar sanyaya ta iska mai siffar hasumiya ta fi shiru, ba ta da abin lalacewa sai fanka, kuma ta ishi kusan kowace furosesa ta mataki na 5 da na 7. Mai ruwa, da ke zuwa da lagireto na milimita 240, 280 ko 360, na da amfani ga manyan furosesa masu zafi, amma tana da famfo da zai gaji wata rana. Tabbatar akwai maƙalan soket ɗinka a kwalin. Yawancinsu na zuwa da man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen. Akwai kuma 'yar leda a gindin ƙarfen, a ɓare ta kafin a ɗaura. Ƙwararru ma na mancewa.

A kes, lambobi uku za ka nema a shafinsa: girman allon da yake ɗauka, iyakar tsawon kati, da iyakar tsayin na'urar sanyaya. Kwatanta su da abin da ka rubuta a takarda. Manyan hasumiyoyi na kai milimita 160 ko fiye, wasu katunan na wuce 330. Idan za ka sa lagireto a gaba, cire kaurinsa da na fankokinsa daga tsawon da aka ba kati. Duba kuma ko hasumiyar za ta rufe gurbin RAM, domin sanduna masu dogon tozo kan ƙi shiga ƙarƙashinta.

Kes mai raga a gaba ya fi mai gilashi ko rufaffen ƙarfe shaƙar iska. Fanka biyu na shigarwa a gaba, ɗaya na fitarwa a baya, sun isa. Nemi mai matatar ƙura da ake zarewa a wanke.

Idan za ka sa na hannu a ciki

Furosesa, RAM, kes da na'urar sanyaya ta iska ba su cika ba da matsala a na hannu ba. A furosesar AM4 duba allurorin da ke gindinta. A AM5 da Intel allurorin na cikin soket ɗin allo ne, can za ka haska. Katin hoto sai an kunna shi a gabanka an ba shi aiki mai nauyi na mintoci. SSD sai an duba lafiyarsa da manhaja irin CrystalDiskInfo. Akwatin wuta da mai sanyaya na ruwa, sababbi kawai. Ka tuna kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma na bukatar TPM 2.0, wani sashen tsaro, da furosesa daga Intel zamani na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Abin da ya girmi haka sai dai Linux.

Kafin ka biya

Zuba jerin kayanka a shafin PCPartPicker, zai nuna maka rashin dacewar soket, RAM da kiyasin wuta. Kada ka dogara da shi kaɗai wajen awo, koma shafin kowane kamfani ka tabbatar da milimitocin da idonka. Sauke littafin madabod ka karanta tun bai iso ba. Sannan ka sayi kayan a tsakanin 'yan kwanaki, ba ɗaya yau ɗaya bayan wata uku ba, don kada lokacin mayar da mai matsala ya wuce kafin ka samu damar gwada shi.

Da sun iso, kada ka fara da kes. Ɗora allon a kan kwalinsa, taɓa ƙarfe don sauke cajin jikinka, sa furosesa, na'urar sanyaya, RAM da SSD, jona filogi mai rami 24 na allo da mai rami 8 na furosesa. Idan akwai katin hoto, wayar sikirin a jikin katin za ta shiga, ba a allo ba. Taɓa allurori biyu na maɓallin kunnawa da ke jikin allon da bakin sukurudireba. A AM5, tashin farko na iya ɗaukar mintoci sikirin na baƙi yayin da allon ke gwada RAM, don haka kada ka yi saurin kashewa. Idan BIOS ya bayyana, duba ko ya ga furosesar da sunanta, ya ga RAM cikakkiya, ya ga SSD, zafin kuma bai tashi ba. Ajiye kwalaye da rasit har garanti ya ƙare, sannan ka ɗauko kes.